Ranar da Muka Kai Inna Tsibirin Rema

Inna ta daina cin abinci ne a ƙarshen daminar da ruwan madatsar Lagdo ya cika. Lokacin shugabanmu na farko, ɗan Garwa, yana kan mulki, ba wanda ya san ya kusa sauka. Ni kuwa tun rasuwar mijina nake zaune a gidan Yaya, babban wana, ina ɗinki da keken hannu a ƙofar ɗakina. Ni ce auta, saboda haka hidimar Inna a wuyana take.

Inna ba 'yar Garwa ba ce. An haife ta a wani ƙauye a gindin dutse, can sama a bakin Binuwai, inda Hausawa masu fataucin kifi suka zauna cikin Fulani har harshensu ya juye. Aure ne ya kawo ta birni wajen Babanmu, mai sayar da tufafi, wanda kakanninsa suka zo daga Najeriya. Da Baba ya rasu ta gama takaba, sai ta ce birni ya ishe ta, ta koma ƙauyensu wajen ƙanenta. Ta yi shekaru a can tana kiwon awakinta, mu muna kai mata ziyara da salla. Sai aka zo da maganar madatsar ruwa. 'Yan Sin suka yi ta aiki, daga baya aka ce duk ƙauyukan kwarin su tashi. Kawunmu ya bi mutane zuwa sabon matsugunin da aka ba su, bai daɗe ba ya rasu. Yaya ya je ya ɗauko Inna.

Tun kafin nan mun lura ta fara mantuwa, amma a Garwa abin ya yi tsanani. Kullum da safe sai ta ƙulle kayanta a tsumma ta zauna a zaure, duk wanda ya shigo ta tambaye shi ko motar ƙauye ta zo. Mu ce mata, “Inna, ƙauye ya tashi, ruwa ya cinye shi.” Ta ce to. Jim kaɗan ta sake tambaya. Wata rana ta fice ba mu sani ba, sai a kan gadar Binuwai wani maƙwabcinmu ya gan ta tana tafe ba takalmi.

Bayan an sa wa ƙofa sakata ne ta rufe bakinta. In na kawo tuwo ta ture. In na dama kunu ta kau da kai.

“In na je gida na ci, Auta.”

“Inna, nan ma gida ne.”

“Gidan mutane dai. Na ci na mutane ya isa.”

Muka kai ta asibiti. Likita ya duba ya ce bai ga cuta ba, tsufa ne. Aka sa mata ruwa a jijiya, ta fizge allurar. Wani malamin unguwarmu ya yi mata rubutu, wannan kam ta sha saboda sunan Allah ne, to shi da ruwa ne kawai suke shiga cikinta. Ina yi mata wanka ina ganin ƙasusuwan haƙarƙarinta suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Awarwaron da ta shekara da shekaru ba ya fita daga hannunta, wata rana ya zame da kansa ya faɗi cikin bokiti. Na fita bayan ɗaki na yi kukana na share ido na dawo.

Ana cikin haka wata mai kawo mini ɗinki, matar wani akawu a ofishin gwamna, ta zo karɓar rigarta. Tana gwadawa tana ba ni labarin yawon da suka yi ranar Lahadi. Ta ce ai yanzu Lagdo teku ce, duwatsun da ke cikin kwarin duk sun zama tsibirai. Akwai wani ƙarami da namun daji suka gudu suka taru a kansa da ruwa ya taso, gwamnati ta hana farauta a wurin ta sa masa gardi, mutane suna zuwa kallo su dawo a ranar. Ta ce rema ne ko'ina, waɗannan 'yan dabbobin dutse masu kama da zomo marar kunne.

“Har da wani dutse da ya rabe biyu kamar an sa masa gatari,” in ji ta, “ga itacen ɗinya ya fito ta tsakiyar tsagar. A nan muka ci abinci.”

Na tsayar da keken. Na san dutsen nan. Ina yarinya na sha hawansa tsintar ɗinya in mun je ƙauye. Ƙauyen Inna a gindinsa yake.

Da yamma na tari Yaya da maganar. Ya ce ba hankali a ciki.

“Matar da ba ta iya zuwa bayan gida sai an riƙe ta, ita za ki ɗora a kwalekwale?”

“Yaya, in mun bar ta a nan ma mutuwa za ta yi. Ta gani da idonta. In ta ga ruwan wataƙila ta haƙura.”

“In kuma ganin ya ƙarasa ta fa?”

Na ce ban sani ba. Gaskiya ban sani ba ɗin. Abin da na sani kawai shi ne dabara ta ƙare mini. Ya murza hularsa a gwiwa, can ya ce zai aro motar abokinsa.

Muka fita bayan sallar asuba. Na shimfiɗa wa Inna katifa a bayan motar na zauna ta ɗora kanta a cinyata. Na riƙo fura da kindirmo a kwano mai murfi, ba don ina sa ran za ta sha ba. Da na ce mata gida za mu, ba ta yi murna ba, cewa ta yi, “Ai kun daɗe,” ta rungume ƙullin kayanta. Muka bi hanyar Ngaundare, a Ngong muka karya hagu muka shiga jar hanya. Gonakin auduga sun fara fari, dawa ta sunkuyar da kai. Kowane rami motar ta faɗa sai na ji jikin Inna ya yi tsalle a hannuna kamar damin kara.

Hantsi ya yi muka isa bakin ruwan. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Binuwai na sani, mai gaɓa biyu, wanda da rani yara suke tsallakawa a ƙafa. Wannan kuwa ba a hango ƙarshensa. Masunta sun cika bakin gaɓa da bukkokin ciyawa, ana jin Fulatanci da Hausa da Larabcin Cadi da harsunan da ban sani ba, ko'ina hayaƙin bandar kifi.

Gardin tsibirin wani dogon mutum ne baƙi, ɗan wajen Yagwa, da kakinsa kore da tsohuwar bindiga. Ya dubi Inna ya dubi Yaya.

“Wannan tsohuwar za ta iya?”

Yaya ya ce garinsu ne a da. Gardin bai ƙara tambaya ba, sai ya zayyana mana doka da Fulatancinsa mai gauraye da Faransanci. Ba a hura wuta, ba a sare ko reshe, ba a jifan dabba, ba a kwana. Kowacce ya faɗa sai ya ɗaga yatsa ya ce, “Antardi,” wato an hana. Ya ce shi kansa ba ya kwana a can, kuma kafin la'asar dole mu juyo, don iskar ƙarshen damina ba ta sallama.

Mai jirgin Bahaushe ne daga Yawuri, kifi ya kawo shi. Kwalekwalensa dogo ne da ɗan inji a baya. Yaya ya ɗauki Inna kamar jaririya ya zaunar da ita a tsakiya, gardin ya zauna a goshi.

Da muka yi nisa sai muka shiga cikin itatuwa. Daji ne guda ruwa ya shanye, kawunan kawai suka rage. Giginyu sun fito da gashinsu a kan ruwa kamar mutanen da suka nutse har wuya. Wasu itatuwan ganyensu ya bushe, wasu har lokacin kore ne, tsuntsaye farare sun lulluɓe su. Mai jirgi ya rage wuta yana ratsawa a hankali.

“Waɗanda kuke gani ba su ne abin tsoro ba, Alhaji,” ya ce wa Yaya. “Na ƙasan ne. In iska ta buga ka a kan kututture ɗaya, jirgi ya tsage.”

Ina ta satar kallon Inna. Na ɗauka za ta firgita ko ta yi tambaya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Idonta yana kan wani ɗan tudu da ke ƙara girma a gabanmu.

Tsibirin bai fi a zagaye shi kafin a gama dafa shinkafa ba. Duwatsu ne manya a kan juna, da itatuwa a tsakaninsu, da allon ƙarfe da aka rubuta wani abu da Faransanci. Muna sauka na ga rema, ga su nan birjik suna shan rana a kan faifan duwatsu, masu ƙiba, ba su ko motsa ba. Zabin daji suka watse cikin ciyawa. A saman wani dutse wata birinya tana zaune da ɗanta maƙale a cikinta tana kallonmu. Gardin ya ce mu dinga duba inda za mu sa ƙafa.

“Duk macijin da ke cikin kwarin nan, nan ya hawo. Da rana suna cikin rami. Da yamma wurin nasu ne.”

Yaya ya sunkuya zai ɗauki Inna, sai ta ture hannunsa. Ta dafa dutse ta miƙe da kanta. Matar da sai na tallafe ta take zama, ita ce ta kama hanya tana hawa, tana sa ƙafa a wuraren da ni ban ma ga matakala ba. Muka bi ta a baya hannuwanmu a buɗe, kamar masu bin yaron da ya fara tafiya.

Bakinta ya buɗe. Ta nuna wani lungu ta ce nan suke ɓuya in ruwan sama ya kama su da awaki. Ta nuna wani faifan dutse mai ramuka ta ce nan suke dara. Tana yi da Hausa tana komawa Fulatanci, tana dariya, dariyar da na manta sautinta. Da muka kai dutsen da ya rabe biyu, ta zauna a gindin ɗinyar. 'Ya'yan sun nuna sun zubo, baƙi ƙirin a ƙasa. Ta tsinci ɗaya ta goge a zaninta ta jefa a baki.

Na dubi gardin, don na tuna dokokinsa. Ya juya baya yana kallon ruwa.

Ta ci ta biyu, ta ci ta uku. Sai ta ce, “Auta, me kika riƙo a kwanon nan?”

Na yi maza na dama furar. Ta karɓi ludayi ta sha, ta sha, har furar tana zuba a haɓarta. Yaya ya koma bayan dutse, na ji yana fyace hanci. Ni kuwa ina ta faɗin alhamdulillahi a zuciyata, ina cewa ashe da gaskiyata. Muka yi sallar azahar a inuwar ɗinyar, Inna ta yi tata a zaune, ta kishingiɗa ta ɗan yi barci. Rema guda ya zo har kusa da ƙafarta yana shinshinar ƙwallayen ɗinya. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan ɗan lokacin ba.

Da ta farka ta ɗauki ƙullinta ta ce, “To, mu sauka gida.”

Ta zagaya bayan dutsen, inda tsohuwar hanyar ƙauye take gangarawa. Hanyar tana nan, ƙafafun mutane sun goge duwatsunta sun yi sumul. Ta gangara kaɗan, sai ta shige cikin ruwa. Inna ta tsaya a nan. Muka tsaya a bayanta. Wannan ne abin da muka kawo ta ta gani.

Yaya ya ce a hankali, “Kin gani ko, Inna? Ƙauye yana ƙarƙashin nan. Ba kowa. Kowa ya tashi.”

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta gyaɗa kai.

“Kogi ya yi ambaliya bana,” ta ce. “Ya taɓa yin haka ina yarinya. Nan muka hawo muka jira. Zai janye.”

“Inna, wannan ba ya janyewa. Tare shi aka yi.”

“Wa ya isa ya tare Binuwai? Kai dai ba ka da haƙuri tun kana yaro.”

Ta koma gindin ɗinya ta zauna, ta kwance ƙullinta, ta fara jera kayanta a kan dutse: tsintsiya, ɗan madubi, carbi, kwalbar man shanu. Sai na gane zama ta zo yi.

Daga ƙasa mai jirgi ya ƙwala kira. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi, hadari ya taso kamar bango. Remayen da ke kan duwatsu duk sun shige ramuka.

Yaya ya durƙusa a gabanta. Ya lallashe ta, ya ce mu je mu dawo gobe. Ta ce mu je, ita tana nan. Ya ce an gina mata sabon ɗaki a can gaɓa. Ta ce a ba wani. Ya ce jikokinta suna kuka suna nemanta. Ta ce a kawo su. Na sa baki na ce mata akwai macizai, ta ce macizan dutsen nan sun san ta.

Gardin ya matso ya cire hularsa, ya kira ta yadda Fulani suke kiran uwa. “Dada, don Allah ki tashi. Ba a kwana a nan.”

Ta dube shi sama da ƙasa. “Ɗan wa ne kai? Ban san ka a garin nan ba.”

Iska ta fara kaɗa ganyen ɗinyar. Mai jirgi ya hawo da gudu yana haki.

“Alhaji, wallahi in ba mu tashi yanzu ba, ni zan tafi. In na bar jirgin nan a jikin duwatsu, iska za ta farfasa shi, mu duka mu rasa na komawa.”

Na kama rigar gardin. Ban taɓa kama rigar namijin da ba muharramina ba sai ranar. Na ce ya bar ni ni da ita mu kwana, su dawo da safe. Na ce zan hura wuta ƙarama, ba wanda zai sani.

“Madam, ba maganar doka ba ce kawai,” ya ce. “Ruwan nan in ya sauko ba wutar da za ta kama. Ba rumfa, ba ɗaki. Tsohuwar nan ba za ta kai safe ba. Ke ma ban tabbata ba.”

Yaya ya ce, “Allah ya gafarta mini,” ya sa hannu zai ɗauke ta. Inna ta zura hannuwanta biyu ta ƙanƙame saiwar ɗinyar. Ban san inda ta samo ƙarfin ba. Ta ɗago ta dube shi, shi ɗan farinta da ko sunansa ba ta taɓa kira ba don kunya.

“Mi dillataa,” ta ce. Ba zan tafi ba. “In ka ɗaga ni daga nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba.”

Yaya ya sake ta kamar ya taɓa garwashi. Ya ja da baya ya zauna daɓas a ƙasa, ya ɗora hannu a ka. Babban mutum mai gemu, mai rumfa a babbar kasuwa, yana kuka kamar yaro. Gardin ya ce shi ba zai sa hannu a kan uwar wani ba. Mai jirgi ya riga ya fara gangarawa. Aka yi tsawa can nesa, ɗigon farko ya sauka a kan madubin Inna.

Na zube a gabanta. Duk maganar da ke duniya mun yi ta. Ni na kawo ta nan, kuma ga shi ko dai ta mutu a kan dutsen ko mu mutu tare. Na kama fuskarta da hannu biyu na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni.

“Tashi! Tashi na ce!”

Ta zabura. Ta ƙura mini ido, sai na ga fuskarta ta sauya, ta yi laushi kamar ta yarinyar da aka kama da laifi.

“Adda?” ta ce.

Adda yayarta ce, wadda ta goye ta a gidan Baffa, mahaifinsu, bayan uwarsu ta rasu. Ta mutu tun ban yi wayo ba, sai dai an sha cewa ni na ɗauko kamanninta. Na buɗe baki zan ce, Inna, ni ce Auta. Sai na ga yatsunta sun fara sassautawa a kan saiwar.

Na haɗiye maganar. Na juya harshe zuwa Fulatanci na ce, “Ni ce. Me kike yi a nan har hadari ya taso? Baffa yana ta nemanki.”

“Ruwa ya tare hanya, Adda.”

“Na sani. Ta wata hanyar za mu bi. Hau.”

Na juya mata baya na tsuguna. Na ji hannuwanta sun zagayo wuyana. Na warware mayafina na ɗaure ta da shi kamar goyo, na miƙe. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya fi komai yi mini ciwo. Yaya ya tattara kayanta cikin tsumman yana sharɓar kuka, muka gangara, ruwa yana dukanmu, duwatsu sun yi santsi. Sau ɗaya ƙafata ta zame na durƙusa a kan gwiwa, gardin ya riƙo ni ta kafaɗa. Ban tsaya duba jinin ba.

Ba na son tuna komawar nan. Tun ba mu yi nisa ba iska ta same mu. Ruwan da ya kwanta lumui da safe ya zama tuddai, jirgin ya hau ya faɗo, ya hau ya faɗo. Ba a ganin gaɓa, ba a ganin tsibirin. Gardin ya kwanta a goshin jirgi da gora a hannu yana tunkuɗe itatuwa yana ihu, “Dama! Hagu!” Yaya yana kwarfe ruwa da kwanon fura, yana salati da ƙarfi. Ni na zauna a ƙasan jirgin cikin ruwa, na juyo da Inna gabana na lulluɓe ta da jikina.

Sai muka ji ƙum! Jirgin ya hau kan wani abu ya tsaya, ya karkata, ruwa ya kwararo ta gefe. Injin ya mutu. Mai jirgi ya ce, “Innalillahi,” ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Na ɗauka gudu ya yi ya bar mu. Ashe kan kututturen ya taka, ruwa iya ƙirjinsa, ya sa kafaɗa yana tura jirgin. Igiyar ruwa ta zo ta rufe shi, ya ɓullo, ya sake turawa. Da ta gaba ta ɗaga mu sai jirgin ya zame. Gardin ya jawo shi ciki ta wuyan riga. Ya ja igiyar injin ya ja, ya ja, har na daina sa rai, sannan injin ya tashi.

Duk wannan abin Inna ba ta yi kuka ba. Ta cusa kanta a ƙirjina tana rawar sanyi. Can ta ce, “Adda, awakin fa?”

“Na kora su gida,” na ce.

Gab da magariba muka ga hayaƙin masunta. Matan wurin suka fito da gudu suka karɓi Inna, suka kai ta bukka kusa da wutar banda, suka sauya mata zani. Wata ta wanke mini gwiwa da ruwan zafi ta ɗaure. Gardin ya tsaya a ƙofar bukkar, kakinsa yana ɗiga, ya ce, “Allah ya ba Dada lafiya,” ya tafi. Ban sake ganinsa ba. Yaya bai yi mini magana ba har muka iso Garwa. Da muka shiga gida ne ya tsaya a zaure ya ce, “Kin ji abin da ta ce mini?”

“Ba ka ɗaga ta ba, Yaya. Ni na ɗaga ta.”

Ya gyaɗa kai, amma na san bai saki maganar ba. Har ya tsufa yana yi mata sadaka duk Juma'a.

Inna ta yi zazzaɓi na kwanaki, ta warke. Kuma ta ci gaba da cin abinci, kaɗan kaɗan, amma sai in Adda ce ta ba ta. In matar Yaya ta kawo, ba ta karɓa. In na shigo na ce, “Inna, ga kunu,” sai ta dube ni kamar baƙuwa. Sai na fita na sake shigowa, na ɗaure fuska na ce da Fulatanci, “Ke, zauna ki sha,” sannan ta buɗe baki. Haka na koyi yi wa uwata tsawa safe da yamma. Ba ta ƙara ƙulle kaya ba, ba ta ƙara tambayar mota ba. A wurinta muna gidan wasu dangi ne muna jiran ruwa ya janye, kuma tunda Adda tana nan, ba ta da damuwa.

Ta kai har bazara. Wata rana da hantsi, 'yan kwanaki kafin rasuwarta, ina taje mata kai a tsakar gida, sai ta ce, “Adda, ina yarinyar nan tawa? Autata. Ta daina zuwa.”

Na tsaya da matajin a hannu.

“Tana nan lafiya,” na ce. “Ɗinki ne ya yi mata yawa. Ta ce a gaishe ki.”

“Yarinyar kirki ce,” in ji Inna. “Ki ce mata ta zo in gan ta.”

Na ce to, zan faɗa mata. Na ci gaba da tajewa.